Fiza a Bisa Mizani: Jagora ga Mai Marmarinta da Ke Gudun Ƙiba

Daga cikin nau'o'in abincin da suka ƙetaro teku suka sami gindin zama a manyan biranenmu, har yara suka san sunayensu tun kafin su san sunayen unguwanninsu, da wuya a sami wanda ya kai fiza jan rai, watau burodin nan na mutanen Italiya mai faɗi kamar faifai, wanda ake shafe fuskarsa da tumatir, a barbaɗa masa cuku, a gasa shi cikin tanderu mai tsananin zafi har cukun ya narke ya riƙa jan zare in an ɗaga yanki. Da wuya kuma a sami abincin da ya kai ta shan zargi a bakin waɗanda likita ya umurta da rage ƙiba, ko don hawan jini, ko don ciwon sukari, ko don gwiwoyi sun fara gajiya da ɗaukar nauyin jiki. Galibinsu sukan haramta wa kansu ita baki ɗaya, su yi ta kokawa da nafsu mako bayan mako, ranar da haƙuri ya ƙare kuwa sai su sayo mafi girmanta su cinye a zama guda, sa'an nan nadama ta biyo baya. Ni a wurina hanyoyin nan biyu duka ɓata ne, domin abin da yake halal mizani kawai yake bukata, fiza kuwa, in mutum ya san inda nauyinta yake, tana cikin abincin da suka fi sauƙin aunawa.

Kafin a taɓa fulawa, wajibi ne a fahimci abin da ake aunawa. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake bai wa jiki, kuma babban mutum yana bukatar wajen 2,000 zuwa 2,500 a yini, gwargwadon jinsinsa da girman jikinsa da irin aikin da yake yi. Abin da ya ci fiye da bukata, jiki yakan ajiye shi ya zama kitse. Asalin mas'alar duka yana cikin ƙa'ida guda, wadda wanda ya riƙe ta ba zai ƙara ruɗewa ba: giram ɗaya na sitaci yana da kalori 4, giram ɗaya na furotin ma 4, amma giram ɗaya na maiƙo yana da 9. Saboda haka ne giram 100 na tumatir bai kai kalori 20 ba, alhali giram 100 na fulawa yana da kimanin 360, na cukun mozarela kusan 300, cokalin cin abinci ɗaya na man zaitun kuwa shi kaɗai yana da wajen 120. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira zai gane cewa nauyin fiza a wurare uku yake taruwa, watau kaurin burodin, da yawan cuku, da maiƙon naman da aka jera a kai, sauran kayan kuwa kusan kyauta ake cinsu.

Tarihin abincin nan ma yana ƙarfafa wannan magana. Fiza a birnin Napoli na kudancin Italiya ta taso, abincin talakawa ne da ma'aikatan bakin teku, kuma tsofaffin nau'o'inta biyu ba su da tarkace ko kaɗan: marinara, wadda ba ta da cuku sam, tumatir ne da tafarnuwa da ganyen origano da ɗan man zaitun, sai margarita, mai tumatir da mozarela da ganyen ɗoɗɗoya irin nasu, wadda ake ba da labarin cewa wani magashi mai suna Raffaele Esposito ya yi wa Sarauniya Margherita a shekarar 1889 da launuka uku na tutar ƙasar, ko da yake masana tarihi sun yi saɓani a kan ingancin ruwayar. Ƙungiyar da aka kafa a Napoli a 1984 don kare fiza ta asali ta shar'anta cewa kwaɓin ba ya ɗauke da komai sai fulawa da ruwa da gishiri da yis, babu mai babu sukari, faɗinta kada ya wuce santimita 35, kuma a gasa ta cikin daƙiƙa 60 zuwa 90 a tanderun itace wanda zafinsa ya haura digiri 430. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa. Sai da fiza ta bi baƙin Italiya zuwa Amurka, inda aka buɗe shagon Lombardi a New York a farkon ƙarni na 20, aka kuma ƙirƙiro mai zurfin kasko a Shikago a 1943, sa'an nan ta yi ƙiba, burodinta ya yi kauri, cukunta ya ninka, har aka kai ga cusa cuku cikin gefenta. Irin wannan ta Amurka ita ce galibin shagunanmu suka kwaikwayo, kuma yanka ɗaya na babbarta, ko da cuku kaɗai ke kanta, yakan kusa kalori 300. Ashe ke nan mai neman sauƙi komawa zai yi ga tafarkin mutanen Napoli, ya ɗan ƙara tsuke shi.

Kayan aiki na farko, wanda ba na yarda a yi sakaci da shi, shi ne ƙaramin sikelin kicin mai auna giram. Ido maƙaryaci ne a sha'anin cuku da mai, hannu kuma yakan bi son zuciya, har mutum ya rantse cewa kaɗan ya zuba alhali ya ninka abin da ya yi niyya. Bayan sikeli sai kwano mai faɗi, da faranti na ƙarfe mai kauri ko kaskon baƙin ƙarfe, da tanderun gida in akwai shi.

Kwaɓi shi ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ya kamata a yi haƙuri. A auna fulawa giram 300, da ruwa mililita 190, da gishiri giram 6, da busasshen yis rabin ƙaramin cokali. A narkar da yis ɗin cikin ruwan, a zuba fulawa kaɗan-kaɗan ana juyawa, a sa gishiri, sa'an nan a juye bisa tebur mai tsabta a yi ta murzawa da tafin hannu wajen minti 10, har kwaɓin ya daina kama yatsu, ya yi santsi, in an danna shi ya taso a hankali. Kada a zuba mai, kada a zuba sukari, kada a fasa ƙwai. Waɗannan na cincin ne da fanke, fiza ba ta bukatarsu. A rufe shi da tsumma mai laima ya huta awa ɗaya, sa'an nan a raba shi kashi 4 a bisa sikeli, kowane curi ya zama wajen giram 125, wanda ke ɗauke da fulawa giram 75, watau kalori kimanin 270. Wannan rabon shi ne mataki mafi muhimmanci a duk aikin, domin a nan ne ake yanke hukuncin abin da za a ci tun yunwa ba ta zo ta sa baki ba.

A mulmula kowane curi, a sa shi cikin roba mai murfi, a ajiye a firji kwana ɗaya ko biyu. Hikimar wannan jinkiri ita ce, yis yana aiki a sanyi sannu a hankali, yana haifar da ɗanɗano da ƙamshi waɗanda kwaɓin gaggawa ba ya taɓa samu, kuma burodin da yake da daɗi a kan kansa ba ya bukatar a lulluɓe shi da cuku don a ɓoye laminsa. Lokaci abu ne da ake ƙara wa fiza ya ƙara mata daɗi ba tare da ya ƙara mata kalori ko ɗaya ba. Wanda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu, sai ya rage yis ɗin zuwa rabi, ya kwaɓa da ruwan randa mai sanyi, ya ajiye a wuri mai inuwa awa 6 zuwa 8, yana dubawa, domin a zafin bazara kwaɓi yakan tashi da wuri, in ya wuce kima kuwa sai ya yi tsami ya saki jiki. Curin da ba za a ci a ranar ba a daskarar da shi, kada a gasa, gama fizar da aka riga aka gasa ba ta kwana a gidan mai marmari.

In lokacin gashi ya yi, a fito da curin ya sha iska awa ɗaya, a barbaɗa ɗan gari a tebur, a buɗe shi da yatsu daga tsakiya zuwa gefe har faɗinsa ya kai santimita 25. Mutanen Napoli ba su yarda da sandar murzawa ba, don tana kore iskar da ke cikin kwaɓi, amma wanda hannunsa bai saba ba babu laifi ya yi amfani da ita ko da kwalba mai tsabta, ya bar gefen da ɗan tudu. Akwai wani lissafi a nan wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba: fiza mai faɗin santimita 35 ta kusa ninka mai faɗin 25 a yawan abinci, ko da yake a ido bambancinsu bai wuce santimita 10 ba, domin filin da'ira yana ƙaruwa ne bisa ninkin faɗinta a kan kansa. Mai shago ya san wannan sarai lokacin da yake ce maka ka ƙara kuɗi kaɗan ka karɓi babba.

Miyar tumatir ba ta da wahala, sai dai tana son a bar wata al'ada tamu. Mun saba in za a yi miya a soya tumatir cikin mai har man ya taso sama, fiza kuwa ba ta son haka. A sami nunannun tumatir 3 ko 4, a tsoma su a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a ɓare fatar, a matse ruwan cikin da 'ya'yan, a dagargaza naman da hannu, a sa ɗan gishiri da tafarnuwa daka ɗaya. In ya yi ruwa da yawa a ɗora a wuta ba mai har ya yi kauri. Cokali 3 ya ishi fiza guda, a shafa shi siriri, a bar gefe. A guji miyar kwalba ta kanti da kecaf, don galibinsu an ƙara musu sukari.

Cuku shi ne wurin da jarrabawa take, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya gaskata sikeli ya ƙaryata idonsa. Giram 50 na mozarela, watau kalori wajen 150, ya wadatar da fiza mai faɗin santimita 25, muddin an goge shi ƙanana an warwatsa shi, ana barin jan tumatir yana leƙowa a tsakani. In ya narke zai bazu ya rufe fiye da yadda aka zata. Wanda yake son ɗanɗanon cuku ya fito sosai, ya rage mozarela zuwa giram 40, ya goga giram 10 na cukun farmesan a kai bayan an sauke, domin wannan tsohon cuku ne busasshe mai ƙarfin ɗanɗano, kaɗan daga cikinsa yana yin aikin mai yawa. Amma cukun da aka cire wa maiƙo gaba ɗaya, ban ba da shawararsa ba, gama ba ya narkewa yadda ya kamata, yakan bushe ya yi tauri, mutum ya ci ya tashi marmarinsa na nan daram, gobe ya tafi shago. Gara kaɗan na gaske da mai yawa na jabu. Cukun nonon shanu da Fulani ke yi da ruwan tumfafiya, wanda ake kira wara, shi ma ba ya narkewa, saboda haka ba zai maye gurbin mozarela ba, amma in an marmasa ɗanyensa, wanda ba a soya ba, a kan fiza tare da ɗan mozarela, yana ƙara ƙoshi.

Kayan lambu kuwa a sake hannu: albasa, tattasai ja da kore, naman kaza, alayyahu, gauta da aka yanka siriri, da attaruhu ga mai son yaji, wanda yake cika baki da ɗanɗano ba tare da ya nauyaya lissafi ba. Sharaɗi ɗaya ne, a rage musu ruwa tukuna, a ɗan gasa naman kaza da gauta a busasshen kasko, a matse alayyahu bayan an turara shi, in ba haka ba ruwansu zai jiƙa siririn burodin ya zama danƙo. Game da nama, yankakken jan naman nan da ake kira pepperoni yana da kalori kusan 500 a giram 100, ga gishiri mai yawa, ga kuma shubuha, domin a asalinsa da naman alade ake haɗa shi, sai fa inda aka tabbatar na sa ne ko na kaza. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, musamman in yana baƙunci a wata ƙasa. Ƙirjin kaza da aka cire wa fata aka gasa yana da wajen 165 kacal a giram 100, kuma giram 50 nasa, an yayyaga an barbaɗa masa ɗan yaji, ya isa. Man zaitun ƙaramin cokali ɗaya, kalori 40, a ɗiga shi a ƙarshe. A auna da cokali, kada a tsiyaya daga bakin kwalba.

Gashi yana son wuta mai ƙarfi da ɗan lokaci. Tanderun gida ba ya kai zafin na Napoli, galibi a digiri 250 yake tsayawa, saboda haka a kai shi ƙarshen zafinsa, a kife farantin ƙarfe mai kauri a cikinsa ya yi minti 30 yana ɗaukar zafi, sa'an nan a zame fizar a kansa daga wani faranti da aka barbaɗa wa gari. Minti 7 zuwa 10 sun isa. Alamar nuna ita ce gefen ya kumbura ya yi ja da ɗigon baƙi nan da can, ƙasan kuma ya yi ƙarfi har a iya ɗaga yanki bai lanƙwashe ba. Wanda ba shi da tanderu kada ya yanke ƙauna, kaskon baƙin ƙarfe yana yi: a ɗora shi a wuta ya yi zafi sosai ba mai, a shimfiɗa kwaɓin shi kaɗai minti 2 har ya yi ƙuraje, a juya shi, a yi maza a shafa tumatir a jera sauran kaya, a rage wuta, a rufe da murfi minti 4 ko 5 har cukun ya narke. Ranar da babu sukunin kwaɓi ma, gurasa siririya tana iya zama gindi, sai dai a aza ta a sikeli tukuna, don wata gurasar ta fi curin da muka ambata nauyi.

To, a zo a yi hisabi. Burodi 270, tumatir wajen 20, cuku 150, kayan lambu wajen 30, mai 40: jimla kalori 510 ko kusa da haka, in an ƙara kaza ta tasam ma 600. Wannan fiza ce sukutum, ta mutum ɗaya, wadda zai zauna ya cinye da kwanciyar rai, kuma nauyinta daidai yake da yanka biyu kacal na babbar fizar shago, waɗanda ba kasafai mutum yake tsayawa a kansu ba. Abincin dare mai kalori 600 yana da wurin zama a cikin yinin mai neman rage ƙiba, ko da sau ɗaya ne a kowane mako.

Akwai wata bidi'a da ta yaɗu a Amurka a 'yan shekarun nan, ta yin gindin fiza da niƙaƙƙen farin kabeji maimakon fulawa, kuma ana yawan tambaya a kanta. Gaskiyar magana, farin kabeji ba ya haɗuwa shi kaɗai, sai an ɗaure shi da ƙwai da cuku, na kanti kuma sau da yawa da garin shinkafa ko sitaci, har a wayi gari kalorinsa bai yi ƙasa da na siririn burodi da wani abin kirki ba; fa'idarsa ta fi ga wanda alkama ke cutarwa. Abin da ya fi wannan amfani shi ne a musanya kashi ɗaya cikin uku na fulawar da garin alkama wanda ba a cire wa dusa ba, a ƙara ruwa cokali ɗaya ko biyu. Kalorin bai ragu ba sosai, amma dusar tana sa ƙoshi ya daɗe. Mai ciwon sukari dai ya sani cewa fulawa fulawa ce ko an yi ta siririya, ya shawarci likitansa a kan gwargwadon da ya dace da shi.

Ba kullum ne mutum zai sami halin kwaɓawa ba, wata rana abokai ne za su ja shi shago, ko yara su matsa. A irin wannan hali ya nemi mai siririn gindi, ya ƙi mai cuku a gefe, ya ƙi ƙarin cuku, ya zaɓi ta kayan lambu ko ta kaza, ya bar ɗan kofin miyar tsomawa da ake haɗowa da ita, wadda galibi mai ce da mayonis. Ya fara da kwanon salak na latas da kokwamba da tumatir wanda aka matsa wa lemun tsami, domin cikin da ya riga ya sami wani abu ba ya yi wa fiza irin kwasar mayunwaci. Ya lura da abin sha ƙwarai, gama gwangwani ɗaya na lemon kwalba yana da kalori wajen 140, kusan daidai da duk cukun da muka auna, kuma ba ya ƙosarwa ko kaɗan. Ruwa ya fi, ko zoɓo marar sukari. Ya tuna da gishiri kuma, musamman mai hawan jini, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha kada babba ya wuce giram 5 a yini, fizar shago kuwa tana tara shi daga burodi da cuku da nama a lokaci guda.

In an kawo kwalin gida, a cire yanka biyu a sa a faranti, a rufe sauran a kai firji kafin a zauna, kada a ci daga cikin kwali yana buɗe a gaba. Abin da ya rage yana iya kwana biyu ko uku a firji, kuma in za a ɗumama shi, busasshen kasko ya fi komai: a aza yankan a wuta matsakaiciya minti 2 har ƙasansa ya sake yin ƙarfi, a ɗiga ruwa kaɗan a gefen kaskon nesa da burodin, a rufe minti ɗaya don tururi ya narkar da cukun.